Sunan Aro a Kasuwar Umdurman

Tun da na dawo daga Sudan ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wannan ta tare ni a bakin ofis, wancan ya biyo ni har gindin mota: "Rabi, yaya Khartum? Da gaske zafinsu ya fi na Sakkwato? Ina laffayata?" Humra da turaren wuta na raba har kwalba ta koma wayam, amma labari kowa guntu nake yaga masa in gudu. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Kada wanda ya sa ran labarin kogin Nilu. Na gan shi, ruwa ne. Abin da na dawo da shi yana cina shi ne maganar wani tsoho da rumfarsa, wanda har yau ban sani ba ko taimakonsa na yi, ko taya kayar da shi na yi.

Ƙungiyarmu ta masu nazarin zamantakewar al'umma ce ta kira taro. Batun kuwa tsohon rikicinmu ne: shin mai bincike ya fito ya tsaya wa mutanen da yake nazari a gaban hukuma, ko ya riƙe alƙalaminsa ya yi shiru? Kun san ɓangarena. Ni ce mai cewa wanda ya ci tuwon mutane ya sha ruwansu ya sami digiri a kansu, ranar da za a rushe musu gida bai kamata a neme shi a rasa ba. Da wannan zafin na ɗaure jaka.

Daga Zariya na hau motar haya zuwa Kano. Ba mu kai Kwanar Dangora ba taya ta yi bindiga, direba ya buɗe but, ashe safayar ma ta fi wadda ta fashe lalacewa. Ina duba agogo ina masifa, shi kuwa yana ce mini, "Hajiya, jirgi ai ba ya tashi sai da rabon mai hawa." Allah ya isa ban ce ba, amma ta zo mini har leɓe. Da muka isa filin jirgi a guje, gyale a hannu, sai aka ce jirgin ma bai taso daga can ba. Muka wuni a kan benci.

A nan na haɗu da wata Hajiya 'yar Fagge mai safarar laffaya. Hanyar nan ta zame mata kamar zuwa Kantin Kwari. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga jakata ɗaya, ta ce, "'Yar nan, ashe kina da sauran kilo," kafin in buɗe baki ta jingina mini wani ƙulli. Na tambayi abin da ke ciki, ta ce ɗan kayan miya ne. Da muka sauka Khartum jami'in kwastan ya kwance ƙullin nan, warin daddawa ya tashi, mutanen da ke bayana suka ja da baya. Ina neman Hajiya, ta yi gaba abinta tana gaisawa da ma'aikata kamar 'yan ɗakinsu. Larabcina na Islamiyya ne, na tsaya ina haɗa jimla kamar mai karanta Ishmawi, jami'in yana ƙunshe dariya. Allah ya taimake ni ya ci karo da ƙullin yajin ƙuli, ya shinshina, fuskarsa ta washe, ya ce, "Agashe!" Haka suke kiran tsirenmu, kuma sun san daga wajen Hausawa suka same shi. Ya ɗaure ƙullin da kansa ya ce in wuce.

Masaukin da aka ba mu wani gidan baƙi ne a cikin Khartum. Na'urar sanyaya ɗaki irin mai shan ruwa ce, tana ɗiga tana gurnani, in an ɗauke wuta kuma sai ka gane alherinta. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne karin kumallo. Mu da muka saba koko da ƙosai tun da sassafe, can shayi kawai za a miƙo maka, sai rana ta take sannan a ce lokacin fatur, wato karin kumallonsu, ya yi. A lokacin kuwa komai tsayawa yake, ofis da kanti da taron farfesoshi, kowa ya kewaye faranti ɗaya. Ful ake ci, wani wake mai manyan ƙwayoyi, a dafa shi luguf, a murƙushe da gindin kwalbar lemo, a zuba man riɗi. Akwai kisra, wadda sinasir ce da ta sha azumi har ta zama takarda. Akwai asida, tuwonmu ne da miyar busasshiyar kuɓewa, suna kawai aka canja masa. Kuma duk wanda ya gifta, ko ba su taɓa ganinsa ba, sai sun ce "Faddal," ba irin bisimillarmu ta baki ba, har hannunka za a riƙo.

Motar hayarsu ma ta koya mini hankali. Na hau bas daga Suk al-Shabi, wata kasuwa ce da babbar tasha, na ga ba mai magana. Kwandasta ya ɗan ƙyasta yatsu, kowa ya miƙa kuɗi. Mai sauka ma yatsu yake ƙyastawa, mota ta tsaya. Ni da na hango inda zan sauka sai na kwarara, "Akwai! Direba, akwai!" Duk motar aka juyo ana kallona, direba bai ko rage gudu ba. Sai da wata tsohuwa ta ƙyasta mini aka tsaya, na dawo da ƙafa cikin ranar nan ina zufa.

A zauren taro aka yi abin da aka saba. Matasa suna cewa shirun masana cin amana ne. Wani dattijon farfesa, mai farin rawani da murya kamar ba ya so, yana cewa ranar da muka fara tona mutanen da suka amince mana, daga ranar ba mai sake buɗe mana ƙofa. Ni ma na tashi na zuba tawa, aka tafa mini, na zauna ina jin kaina. Kusa da ni wata mata ce 'yar ƙasar, Dakta Ihlas, siririya mai farar laffaya. Ita ba ta tafa ba. Wayarta tana ta ruri a cikin jaka, tana dannewa.

Da aka fita fatur ta jawo ni gefe. Ta ce shekarun baya ta yi bincike a layin maƙeran fari na Kasuwar Umdurman, masu ƙera butar gahawa da murhu da ludayi, jikokin mutanenmu da suka taho aikin hajji da ƙafa suka zauna. Ta rubuta littafi da Turanci, kuma kamar yadda ƙa'idar sana'armu ta ce, ta canja sunan kowa, ta canja sunan layin, don kada maganar da mutum ya yi mata ta dawo ta cije shi. Yanzu kwamitin kasuwa zai sake fasali. Wanda ya nuna ya gaji wurinsa tun kaka da kakanni zai zauna, wanda ya kasa za a mayar da shi can bayan gari inda ba ciniki. Dattijon layin, Baba Abakar, ba shi da takarda, domin a zamanin kakansa da baki ake ba da wuri. Ɗansa Usman ne ke kiran wayarta, yana so ta je gaban kwamiti ta ce mutumin da ta kira Haj Musa a littafinta mahaifinsa ne. Za a zauna kafin taronmu ya watse.

Na ce, "To mene ne abin wahala? Ki je ki faɗa mana! Ɗansa da kansa yake so." Ta dube ni kawai ta ce in raka ta in ga tsohon tukuna.

Muka tsallaka gada cikin cunkoso, muka ƙarasa a raksha, wato adaidaita sahunsu. Kasuwar Umdurman ba ta da iyaka: layin yadi, layin kayan yaji da ke sa atishawa, layin masu zinari, sannan ka fara jin ƙarar guduma. Baba Abakar yana zaune a kan ɗan gadon igiya a bakin rumfa, tsoho tukuf, kunne ya yi nauyi, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta sun kewaye shi. Da na yi sallama na ce, "Baba, ina wuni?" sai ya ɗago kamar an taɓa shi da ruwan sanyi.

"Kai! Wannan Hausar gida ce. 'Yata, daga wane gari?"

"Zazzau, Baba."

Ya tafa hannu. "Bazazzagiya! Ku ɓoye abinci, jama'a! Mu Kanawa ne. Kakana malami ne, daga Kano ya taso da allonsa zai tafi Makka, Allah ya ajiye shi a nan."

Wasan Kanawa da Zage-zagi a tsakiyar Sudan! Daɗi ya kwashe ni, bakin nan nawa da kuka sani ya rigaye hankalina. Na ce, "Ashe nan bayinmu suka gudo suka ɓuya? To Baba, tashi ka haɗa kayanka, na zo in mayar da ku gidan ubangijinku."

Usman da 'yan'uwansa Hausarsu ta gaisuwa ce da cefane, rabin zancensu Larabci ne, amma wani tsoho maƙwabci ya fassara musu, rumfa ta ɗauki dariya, Ihlas kuwa tana gefe tana amsa waya, dariyar kawai ta ji. Baba ma ya yi dariya, sai dai tasa ta makara kaɗan. Ya sa aka kawo gahawa mai citta a 'yar butar ƙasa, ya juya ga Ihlas yana mata ƙorafi, rabi Larabci rabi Hausa don in ji: ta zauna a rumfarsa ta sha shayinsa har ya ɗauke ta ɗiya, da ta tashi rubutu sai ta ba shi sunan wani. "Ni ɓarawo ne da za a ɓoye sunana? Ubana ya yanka rago ya raɗa mini." Ihlas ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri, Ammi," wato baffa.

A raksha ta tambaye ni me na faɗa da aka yi dariya. Na fassara mata ina murmushi. Wallahi sai na ga fuskarta ta canja, ta dafe baki. Sannan ta gaya mini abin da ke cikin babin Haj Musa na littafinta. Kakan Baba ba malami ba ne. Bawa ne mai ɗaukar kayan malamin. Da guziri ya ƙare a hanya, malamin ya sayar da shi ga wani maƙeri a Umdurman ya wuce Makka. Maƙerin ne ya koya masa sana'a, daga baya ya 'yanta shi ya bar masa rumfar. Baba ya gaya mata wannan ne lokacin wata rashin lafiya da ya zaci ba zai tashi ba, kuma ban da ita ba wanda ya sani. 'Ya'yansa da labarin malami suka tashi, da shi aka aurar da 'yan matan gidan a manyan gidaje, kuma a can maganar asalin bauta ba a wasa da ita ko kaɗan. Hujjar daɗewarsu a rumfar da labarin cinikin kakansa abu ɗaya ne. In ta ce Haj Musa shi ne Baba, kwamiti zai sa a fassara babin, kasuwa duka ta ji.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake koya wa ɗalibai su auna magana a gidan mutane!

Na ce, to shi Baba bai san ta rubuta ba? Ta ce ko ya manta, ko ya zaci ta bar wannan a cikinta. Ta yi ta neman hanyar gaya masa ta rasa. A waya Usman ne ke riƙe masa yana maimaitawa. A rumfa da gida ba ya taɓa zama shi kaɗai, kuma mace baƙuwa ba ta jan dattijo gefe. Da Larabci kowa zai ji. "Amma ke," in ji ta, "za ki iya gaya masa a gabansu, ba su gane ba."

Sauran zaman taron ban san me aka ce ba. Ina zaune ina tashi, in fita in sha shayi wajen matan da ke sayarwa a gindin bishiya, in dawo. Ina ta juya yadda zan faɗi magana da ƙarfi don kurma ya ji, amma a lulluɓe don masu kunne kada su ji.

Ana gobe kwamiti zai zauna muka koma. Allah ya rufa asiri tsohon maƙwabcin nan mai jin Hausa ya tafi jana'iza. Na durƙusa kusa da kunnen Baba, na fara da ban haƙuri a kan wasan da na yi. Ya ce, "Wasan gado ne, 'yata, ba komai." Sai na ce, "Baba, akwai zancen da ciki ya riƙe, tun da ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Zancen mai allo da mai ɗaukar masa kaya. Yarinyar nan ta zuba shi a takarda, amma ta lulluɓe shi da mayafin wani. In ta yaye mayafin gobe, rumfa za ta tsaya, sai dai duk abin da ke ƙarƙashi zai fito rana. Ta ce kai ne mai abu. Abin da ka ce shi za ta yi."

Guduma tana ta bugawa a rumfar kusa. Usman ya matso yana tambaya da Larabci me nake cewa, tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce labarin Kano muke yi. Ya dubi jikokinsa da ke goge butoci, ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Duka ta rubuta?"

"Duka, Baba."

"Har kuɗin da aka biya?"

"Har shi."

Ya gyara hularsa. "Kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta. Ki ce mata ta bar Haj Musa inda yake. Ƙarfe ko a jeji aka kai shi zai ƙeru." Ya ɗan tsaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma ina roƙonku abu guda, ke da ita. Kada yaran nan su san ni na hana. In sun san ni ne, sai sun tambayi dalili, ni kuwa ba zan iya yi musu ƙarya sabuwa ba, tsohuwar ma ta ishe ni. Ku ce dokar aikinku ce ta hana."

Na gaya wa Ihlas da Turanci. Ta miƙe, ta dubi Usman ta ce ƙa'idar ƙungiya ba ta yarda ta bayyana sunan kowa ba, ba za ta je ba. Ban taɓa ganin fuska ta mutu haka ba. Bai yi zagi ba, da ma ya yi. Ya ce, "Kun gama cin abincinku a kanmu ke nan." Ya juyo gare ni da 'yar Hausarsa, ya ce, "Ke ma? 'Yar'uwa?" Ya ɗauke tiren gahawar da aka kawo mana tun ba mu taɓa ba, a garin da ake riƙo hannun baƙo a kan titi don ya ci abinci. Baba yana zaune yana kallon ƙasa, mu kuwa muka riƙe masa alkawari.

Labari ya riga mu isa zauren taro, don Usman ya taɓa kai kukansa wajen matasan ƙungiya. A zaman rufewa wani saurayi ya tashi ya kira Ihlas matsoraciya a gaban kowa, ya kuma nuna ni ya ce ga wadda ta fi kowa ɗaga murya, an je wurin aiki ta noƙe. Farfesa mai rawani kuwa ya yaba mata, wai ta kare mutuncin sana'a. Zagin bai yi mini ciwo kamar yabon nan ba. Na ji bakina yana ƙaiƙayi, sau nawa ina yunƙurin tashi, Ihlas tana danne mini gwiwa da hannunta. Muka zauna muka shanye.

Dawowa ba wani labari. Jirgi ya sake makara, Hajiyar Fagge ta sake samuna da ƙulli, wannan karon na karɓa ban ko tambaya ba. Bayan na iso Ihlas ta aiko mini da saƙo: kwamiti ya yanke hukunci, an ba wasu a layin wurinsu, rumfar Baba tana cikin waɗanda za a tasa. Ta ce ta haɗu da Usman a wajen wani biki ta gaishe shi, ya kau da kai.

Na san wasunku za su ce, to ke da aka roƙa ki rufe, ga shi kin baza a takarda. Ku kwantar da hankalinku. Ba sunansa Abakar ba, ba maƙeri ba ne, ɗansa ba Usman ba ne, ita ma ba Ihlas ba ce. Wanda ya ɗauki rubutun nan ya shiga Kasuwar Umdurman yana nema, zai gaji ya dawo. Mutumin da ubansa ya yanka rago ya raɗa masa suna, ga shi karo na biyu wata mai digiri ta sha gahawarsa ta kira shi da sunan wani. In ya ji ransa zai ɓaci, na sani, amma ba zai ce in gyara ba.